Furofil mai yawo ko karkatar da folda: wanne ya dace da ɗakin kwamfutarku?

Malam, ka ce kuna da ɗakin kwamfuta a wata cibiyar koyarwa a nan Maradi, uwar garke ɗaya ce ke riƙe da domen, wato tsarin da ke kula da asusun kowa da kwamfutocin ɗakin. Da safe wasu kan daɗe kafin su shiga, wasu kuma Windows ta ce musu an shigar da su da furofil na wucin gadi, su tarar da allo fayau, babu fayil ɗinsu ko ɗaya. Tambayarka ita ce: a gyara furofil mai yawo, ko a koma karkatar da folda?

Furofil mai yawo kamar ɗan kasuwa ne da ke kwaso kayansa daga sito kowace safiya, ya mayar da yamma. Mutum na shiga, ana kwafo Documents da Desktop da saitunansa daga uwar garke zuwa C:\Users. Yana fita, a mayar da abin da ya canza. In a kwamfutar jiya ya zauna, abin da ya canza kawai ake ɗaukowa. Amma ɗalibi yau yana nan, gobe yana can, ga bidiyon da ya jibge a Desktop, to duk sai an kwafo su kafin ya ga allo. Jinkirin safe ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne fitar. Cikin furofil akwai fayil mai suna NTUSER.DAT, wanda ke riƙe da rajistar mai amfani, wato ma'ajiyar saitunansa, kuma sai lokacin fita ake tura shi. Ka san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke yi mana da bazara. A ɗauke wuta mutum bai fita ba, aikin ranar bai koma uwar garke ba. A ɗauke ana cikin turawa, fayil ɗin na iya lalacewa. Sannan in mutum ya shiga kwamfuta biyu lokaci guda, saitin wadda ya fita daga baya ne ke danne na farko.

Karkatar da folda ba ta da wannan kai-komo. Documents da Desktop na zaune a uwar garke, ana ajiye fayil ya isa can nan take, shiga kuma ba ta jiran girman kayan kowa. Rauninta biyu ne. Ba ta ɗaukar NTUSER.DAT, don haka saituna da yawa ba sa bin mutum. Kuma in uwar garke ta mutu, sai kwafin da Offline Files, mai riƙe fayiloli don lokacin da babu haɗi, ta ajiye a kwamfutar da ya saba zama kanta.

A ganina haɗa su za ka yi, amma nauyin ya koma kan karkatarwa. Ka karkatar da Documents, Desktop, Pictures da Downloads ta Group Policy, inda ake shimfiɗa wa kwamfutocin domen ƙa'ida daga uwar garke, furofil ya rage saituna kawai. In ma ɗalibai ne da ba ruwansu da saiti, ka kashe yawon gaba ɗaya. Kuɗin na'urar riƙe wuta kuwa, uwar garke da suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutocin, za ka fara kashe wa, kafin kowace kwamfuta.

Sai dai sauya tsari ba zai warkar da waɗanda suka riga suka faɗa furofil na wucin gadi ba. Ka gargaɗe su tun yau kada su ajiye komai a ciki, domin ana share shi da zarar sun fita. Daga nan ka buɗe Event Viewer, wanda Windows ta Faransanci ke kira Observateur d'événements, ka duba saƙonnin User Profile Service. Lamba 1521 na nufin ba a iya kai wa ga kwafin da ke uwar garke ba. 1508 rajista ce ta ƙi lodawa. 1511 ita ce sanarwar furofil na wucin gadi.

In 1521 ka gani, fara da DNS, wanda ke nuna wa kwamfuta adireshin uwar garke daga sunanta. Sau da yawa wani ya sa 8.8.8.8, DNS ɗin Google, don intanet ta yi sauri, kwamfuta ta daina gane domen. Adireshin uwar garken domen ya kamata ya zauna a wurin. Sai agogo: Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga domen, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5, kuma kwamfutocin gwanjo da muke saye kan zo da ƙaramin batirin CR2032 a mace, ana kunna su ka ga kwanan wata ya koma baya. Sai izini: Windows na duba mamallakin foldar furofil, in ba mai amfanin ba ne ko rukunin Administrators, ta ƙi lodawa. Wannan kan faru bayan an kwashe foldoji da hannu zuwa sabon faifai.

In kuwa a kwamfuta ɗaya tak matsalar ke faruwa, shiga rajista, HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\ProfileList, ka nemi makullin da ke ɗauke da SID ɗin mutumin, wato lambar asusunsa, da .bak a ƙarshe. Ka fara kwafe foldarsa gefe, Malam, kada ka tsallake wannan, sannan ka share furofil ɗin ta System Properties, ka tabbata makullin nan ya tafi, ya sake shiga. Share folda kaɗai a bar makullin shi ke dawo da matsalar.

Ba ka faɗi wace Windows ke kan kwamfutocin ba. Windows 7 na amfani da folda mai .V2 a ƙarshe, Windows 10 daga sigar 1607 da Windows 11 kuma .V6, ba sa karanta na juna. In a gauraye suke, ɗalibin da ya tashi daga tsohuwa zuwa sabuwa zai ga kamar kayansa sun ɓace, alhali suna ɗaya foldar. Turo mana sigar, tare da lambobin da ka gani.