Orijina, Beljiyam ko mai sauƙi? Sayen kayan birki da na ƙafa ga mai son gyara tsohuwar motarsa da hannunsa a Kano

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa riƙe da tsohon fad ɗin birki a leda ya san tambayar da ake tarbar mutum da ita tun bai gama sallama ba: "Alhaji, wanne za a kawo? Akwai orijina, akwai Beljiyam, akwai kuma mai sauƙi." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na sha amsa sunan, na kuma sha ba da amsar da na dawo gida ina cizon yatsa a kanta. Motata Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka. Tun 2023, da aka saki naira kuɗin kayan gyara ya bi dala ya yi sama, na koma taɓa birkinta da ƙafarta da kaina a ƙofar gida ranakun Asabar.

Abin da na gano shi ne, tambayar mai shagon ba a amsa ta sau ɗaya a ce an gama. Kowane kaya da amsarsa. Beljiyam dai shi ne tsohon kaya da aka ciro daga motocin ƙasashen waje. Abin da gogayya take cinyewa, da abin da yake tsufa ko yana ajiye, wato fad da roba da mai, wannan sai sabo. Abin da yake ƙarfe ne zalla, sau da yawa Beljiyam ya fi sabon da aljihunka zai iya ɗauka.

Mu fara da fad, wato abin da yake matse dis (faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya) in an taka birki, tunda shi ne aikin da kowa yake fara koyo. Sabon fad na gaba, kaurin naman da ke jikinsa yakan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko wajen 3, lokaci ya yi, kada ka jira sai ƙarfe ya fara kukan ƙarfe. Fad ɗin Beljiyam ragowar wani ne, ya riga ya kwanta a kan dis ɗin wata motar ya ɗauki siffarsa, ba ka kuma san shekara nawa ya yi a kwantena da rumfa ba. Ni ba na sayensa. A sabo kuwa, sunayen da aka sani su ne Akebono da Advics ga motocin Japan, sai Bosch, TRW, Ferodo, da ATE ko Textar ga masu Golf da Vectra. Sai dai kwali ba ya taka birki. Mai yin jabu babban suna yake kwaikwaya, don haka kwalin da ya fi sheƙi shi ya fi cancantar a tuhume shi. Buɗe ka fito da kayan. Ka ji nauyinsa a hannu, ka dubi kaurin ƙarfen bayansa ka gwada da tsohon naka, ka bi layin da naman ya haɗu da ƙarfe ko akwai tsaga ko gam ya tsattsafo, ka duba ko akwai ɗan ƙarfen nan mai yin ƙara in fad ya kusa ƙarewa. A ganina, fad mai matsakaicin suna da mai shago ya ce maka gaskiya a kansa ya fi babban suna da aka ba ka a kuɗin da hankali ba zai ɗauka ba.

Za kuma ka ji ana cewa wannan seramik ne, wancan mai ƙarfe-ƙarfe ne. Seramik ba ya yawan ƙara, ba ya ɓata wili da baƙar ƙura, kuma ya ishi mai zirga-zirga daga gida zuwa ofis. Mai ƙarfe-ƙarfe ya fi jure zafi amma ya fi cin dis. Mai Golf da yake lodin mutane da buhuna zuwa Katsina ko Haɗeja, shi ne nasa.

Mai sauƙin, na taɓa gwadawa. Wata biyu ya yi lafiya. Ranar wani ɗaurin aure na cika motar da mutane muka hau titin Zariya, ana ta tafiya ana tsayawa, sai wari ya fara shigowa kamar ana ƙona roba, ina taka birki ƙafa tana jin tauri amma motar sai ta ga dama take tsayawa. Da na kwance da yamma, fuskar fad ɗin ta yi sumul tana ƙyalli kamar tangaran, gefensa kuma yana marmashewa a yatsa kamar ƙuliƙuli. Ya kuma bar mini shuɗin tabo a dis. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Dis kuwa ƙarfe ne, awo ne yake yanke masa hukunci. A gefensa ko a jikin kwanonsa kamfani yana buga iyakar sirantar da aka yarda ya kai. A irin motata sabo milimita 25 ne, iyakarsa 23. Milimita biyu kacal ke nan tsakanin lafiya da ritaya, shi ya sa ido ba ya isa, sai ka ari ma'auni. Dis ɗin Beljiyam da ya rage kauri, ba tsaga, ba zurfin kwari a fuskarsa, saye ne mai kyau. In sitiyari yana karkarwa duk sanda ka taka birki da gudu, masu injin ƙarfe suna iya wanke fuskar naka, amma a auna tukuna. In wankin zai kai shi ƙasa da iyaka, kuɗinka ka zubar.

Kalifa ma, wato ƙarfen da yake riƙe fad yana matse shi a jikin dis, Beljiyam nake saya, in har sai an saya. Sau da yawa ba ita ta mutu ba. Fil biyun da take zamewa a kansu ne suka ƙafe, domin robar da ke rufe su ta yage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya. Alamar ita ce fad ɗaya ya cinye ɗan'uwansa yana nan da ƙiba. A zaro su, a goge, a shafa giris na silikon. Giris ɗin da ake sa wa boris yana kumbura robar birki, bayan 'yan watanni ka koma gidan jiya.

Birkin baya na Corolla 'yar Amurka, da na yawancin Golf 3, dram ne da shu, wato kwanon ƙarfe da ke juyawa tare da taya da kuma abin da yake goge shi ta ciki. Akwai masu liƙa sabon nama a jikin tsohon shu, wasunsu sun iya ƙwarai, amma bambancin kuɗin da sabo bai kai a yi caca da shi ba. Kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya a cikin dram, ɗauki hoto da wayarka, kuma ka gama gefe ɗaya kafin ka kwance ɗayan, don ya zame maka allon kwafi. Ƙurar ciki kada ka hure ta da baki. Wasu tsofaffin shu da masu arha suna da asbestos, mai lalata huhu. Jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar.

Man birki shi ne mafi arha a duk lissafin, shi ne kuma aka fi wulaƙantawa. Dubi murfin tankinsa, an rubuta irin wanda motarka take sha. DOT 3 sabo yana jure zafi har digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230. Amma man yana tsotsar laima daga iska, in ya sha ruwa sai na farkon ya sauko wajen 140, na biyun 155. Da ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa ba komai. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, ko da bai ragu ba. DOT 4 yana shiga inda aka ce DOT 3. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Sayi gwangwani ko robar da hatiminta bai tsinke ba, kada ka karɓi na awo da aka tsiyaya daga buɗaɗɗen galan. Ruwan omo da wasu direbobi suke zubawa a hanya kuwa, tsatsa ce suke shuka wa kalifa da masta, wato famfon da feda take turawa ya aika mai zuwa tayoyi. Tiyon birki na roba, in ya fara tsattsagewa ko ya yi ƙulli, sabo kawai.

A ƙafa, nan ne kuɗi yake tafiya, kuma nan ne aka fi sayen abin da ba shi ne ya lalace ba. Kafin ka yi zancen shokabzoba, wato shak, ɗaga motar ka kama linkej, ɗan siririn ƙarfen nan da ya haɗa shak da sandar sitabilaiza, ka girgiza. Yawancin ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji in an shiga lungu mai gargada daga nan yake, ko daga robobin sandar, kuma su ne mafi sauƙin kuɗi da sauƙin canzawa.

In shak ɗin ne da gaske, za ka ga mai ya jiƙa jikinsa, ko ka danna kusurwar motar ka saki ta yi ta lilo, ko taya ta ci tudu da kwari. Sabon KYB ko Monroe ko Sachs na gaskiya shi ne gaba da komai, in ka sami wanda ka amince da shi. Sabon mai sauƙi, 'yan watanni a kan titunan unguwanninmu da tudun rage gudu, sai ya fara yoyo. Akwai kuma na huɗu da ba a faɗa maka sunansa: mataccen shak da aka huda aka ɗura wa mai, aka toshe, aka fesa baƙin fenti aka jera cikin Beljiyam. Shafa jikinsa da yatsa, musamman ta ƙasa, za ka ji tudun walda. Beljiyam na gaske bai damu da kwalliya ba, yana zuwa da dattinsa da tambarinsa. Sandarsa ta zama sumul ba ƙarzuwa, in ka danna ka ji nauyi iri ɗaya tun daga sama har ƙasa, mai gas kuma ya dawo da kansa a hankali.

Ga mai gyara a ƙofar gida, Beljiyam kammalalle, shak da sifirin da kansa duk a haɗe, yana da wata fa'ida da ta wuce kuɗi: ba sai ka matse sifirin ba. Sifirin na gaba a matse yake da ƙarfin da ya ɗauki nauyin injin, in ya kuɓuce yana karya hannu, yana fasa fuska. In sabon shak ka saya, kwance tsohon gaba ɗaya ka kai wa bakanike mai abin matsewa ya sauya maka, ka dawo ka ɗaura. Kuma biyu ake canzawa, hagu da dama, ko da ɗaya ne ya yi yoyo.

Bol-join, wato gaɓar da taya take juyawa a kanta, da tayarod, sandar da take kai juyin sitiyari zuwa taya, ba na ciniki a kansu. Kowa a Kano ya taɓa ganin Honda Accord, wadda ake kira EOD, ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta kwanta a ƙarƙashinta. Bol-join na ƙasa ne ya fice. Yakan yi gargaɗi da ƙiƙi in ana juya sitiyari, sai a ce "a ɗan matse shi ya kai wata". Kada ka yarda a bubbuga, kada a cusa leda. Sayi 555 na Japan ko CTR na Koriya, masu motocin Jamus kuma Lemförder. Su ma ana jabunsu, don haka ka kama kan ka juya: na ƙwarai da tauri yake motsi, robarsa mai kauri ce mai laushi, ba mai ƙyalli kamar takalmin roba ba.

Lowa-am, wato hannun ƙarfen da ya riƙe taya ta ƙasa ya haɗa ta da jikin mota ta robobin da ake kira bushin, yana da hanya uku. Ko Beljiyam sukutum, in ka lanƙwasa bushin da ƙarfe ba ka ga tsaga ba. Ko ka bar ƙarfenka na asali a matsa masa sabon bushin mai kyau a injin, wanda shi na fi so. Ko bushin yankan taya. Na yankan taya yana daɗewa, ba ƙarya, sai dai duk ramin da ka faɗa sai ƙashin bayanka ya ba da shaida, kuma yana tura dukan zuwa sauran kayan ƙafa.

Ranar zuwa kasuwa, tafi da tsohon kayan a hannu, da lambar shasi a waya. Cewa "Corolla 2005" ba ta wadatar: 'yar Amurka noti biyar ne a tayarta, 'yar Turai huɗu, birkinsu da ƙafarsu ba ɗaya ba ne. Ka yi magana a fili kafin kuɗi ya bar hannunka: "Maigida, in bai shiga ba ko ya yi yoyo a satin nan, zan dawo da shi." Wanda ya yarda da kayansa zai sa alamar fenti ya ce Allah ya kai mu. Wanda ya fara kame-kame, shago na gaba yana nan.

Kayan aiki ba su da yawa: jak, soket mai lamba 14 da 17 da 21 ga mai Toyota, doguwar sanda ta kwance noti mai taurin kai, da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota. Waɗannan ƙafafun ka saye su kafin komai. Bulon siminti yana rugujewa ba sallama, jak kuma ɗagawa ce aikinsa, ba riƙewa ba. Notin bushin kada ka ƙarasa ɗaure shi mota tana sama, sai ta sauka nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar a murɗe za ta kwana ta yage da wuri. Duk sanda ka taɓa shak ko tayarod, sai wajen masu alaimen, wato saitin tayoyi, wannan ba aikin ido da zare ba ne. Cire iska daga birki aikin mutum biyu ne, ɗaya yana takawa ɗaya yana buɗe ɗan notin fitar da iska da ke bayan kowace taya, a fara da tayar da ta fi nisa da masta, a kuma lura kada tanki ya ƙafe.

Sai abu na ƙarshe, wanda na koya a gaban jama'a. In ka mayar da fistin ɗin kalifa ciki don sabon fad ya shiga, takun farko fanko ne, dole ka yi ta taka feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa. Ranar da na fara canza fad, na wanke hannu ina ta jin kaina, na tayar na sa ribas, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa. Motar ta ci gaba da gangarawa a hankali ta nufi teburin mai shayin layinmu. Hambirki na fizga, ta tsaya saura taku ɗaya ta taɓa bencin. Mai shayi bai ko ajiye kofin da yake sheƙawa ba, ya dube ni ya ce, "Injiniya, a sa ƙwai nawa?"