Sarakuna a littafin tarihi, bawa da bazawara a littafin labari

Duk wanda ya tashi a Sakkwato gani yake ya san tarihin garin nan. Mun san Shehu, mun san Bello, mun san Hubbare, mun ji labarin Giginya tun muna yara. Amma a ce mutum ya faɗi yadda aka riƙa tafiyar da mulkin kansa, wa ke rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa, wa ake aikawa Zazzau in rikicin sarauta ya tashi, sai ka ga an yi shiru. Littafin Murray Last, The Sokoto Caliphate, a nan ya yi mini amfani, kuma cikin duk abin da na karanta a hunturun bana shi ya fi cin lokacina.

A 1967 ya fito, asalinsa kuwa kundin digirin digirgir ne da marubucin ya yi a Jami'ar Ibadan. Abin da ya ba shi daraja a wurina shi ne inda ya ɗebo ruwansa. Bature ne, amma bai tsaya ga rahotannin Turawan mulki ba. Garin nan ya zo ya zauna, ya durƙusa gaban Waziri Junaidu, ya bi littattafan Larabci na masu jihadi da wasiƙun da ke gidan Waziri. Saboda haka in kana karantawa, muryar Bello da ta Abdullahin Gwandu da ta Giɗaɗo ɗan Laima kake ji a ƙarƙashin Turancin.

Kashin farko ya bi Jama'a, wato mabiya Shehu, tun daga Degel, hijira zuwa Gudu a 1804, Tabkin Kwatto a cikin shekarar, sai Tsuntsuwa, sai Alwasa a 1805, har faɗuwar Alkalawa a 1808 da kafa Sakkwato a 1809. Waɗannan sunaye duk mun haddace su a makaranta. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne irin wuyar da aka sha a tsakaninsu. An yi yunwa, an yi cuta, a Tsuntsuwa aka rasa ɗimbin mahaddata Alƙur'ani, a Alwasa Jama'a ta kusa watsewa. Har ta kai Malam Abdullahi ya ga yadda son duniya ya fara shiga zukatan mayaƙa, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas, sai a Kano aka tsayar da shi. Shehu na rasuwa a 1817 kuma Bello ya fuskanci tawayen Abdussalami a Kware, nan kusa da mu. Ni wannan ya ƙara mini ganin girmansu ne, don na gane mutane ne da suka yi saɓani, suka yi asara, suka yi kuka, amma ba su saki aikin ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne bayanin wazirci. Ya nuna yadda sarautar ta zauna a gidan Giɗaɗo, yadda Waziri ya zama ƙofar manyan masarautu irin su Kano da Zazzau, yana tafiya da kansa, yana sasanta rikici, yana isar da umarnin Sarkin Musulmi. Wanda ya karanta wannan zai fahimci rawar Waziri Buhari a basasar Kano da ta tashi a 1893, ya kuma fahimci nauyin da ya hau kansa a 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a yaƙin Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi, Wazirin kuwa ya tsaya da sauran jama'ar da ba su da ikon hijira. Tun da na karanta wurin nan, in na bi ta wajen Giginya tunanin waɗanda suka zauna nake yi, ba na waɗanda suka tafi kaɗai ba.

Yana da nasa aibin. Ba littafin kwanciya ba ne, sunaye sun yi yawa, wane ɗan wane jikan wane, sai ka riƙe alƙalami kana zana salsala kafin ka bi. Na biyu, wanda ya fi damuna, talaka ba ya ciki sosai. Manomi, bawan da ke noma a rinji, matar da ke cikin kulle, duk daga nesa ake hango su. Sai kuma matsalar samu. Wanda na saya a wani shago, hoton asalin aka ɗauka aka ɗinke, rubutun ƙasan shafi ya dushe har wani wurin ba ya karantuwa, alhali a nan ne marubucin yake faɗin daga wace wasiƙa ko wane littafi ya ɗauko magana. Wanda zai saya ya buɗe tsakiya ya duba ƙananan rubutun kafin ya biya. Akwai fassararsa ta Hausa mai suna Daular Sakkwato, ga wanda Turancin zai yi wa nauyi.

Rashin mata a cikinsa ya sa na ɗauko The Caliph's Sister na Jean Boyd, wanda ya fito a 1989, tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Wannan ya fi sauƙin karantawa nesa ba kusa ba. Boyd ta daɗe a Sakkwato, kuma ana jin haka a rubutunta. Ta nuna Asma'u tana waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma bayyana tsarin 'yan taru: yadda take naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin ta jagoranci matan ƙauye su zo su ɗauki karatu a waƙe su koma su koyar. Ƙorafina ɗaya ne, son da marubuciyar ke yi wa Nana ya sa ba ta cika tsayawa ta yi tambaya mai zafi ba. Duk da haka, duk malamar Islamiyya a garin nan ya kamata ta san abin da ke cikinsa, don aikin da take yi yana da uwa.

Bawan da na nema ban gani ba a littafin tarihi, a ɗan ƙaramin littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na same shi. Shaihu Umar na cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, lokacin marubucin yana matashin malamin makaranta, tun kafin siyasa ta kai shi kujerar Firayim Minista. Da yawanmu mun karanta shi don jarrabawa. Karanta shi da girma wani abu ne dabam.

Labarin malami ne a Rauta yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Asalinsa Kagara. Mijin uwarsa, Makau, bafaden sarki ne da 'yan uwansa fadawa suka yi wa sharri bayan an dawo daga hari, aka kore shi daga gari. Daga nan gida ya watse. Aka sace yaron, ya bi hannu-hannu har Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Hausar littafin a natse take, ba ado, ba ihu. Hari da kamun mutane da cinikinsu a kasuwa, duk ana faɗinsu ne kamar yadda ake faɗin faɗuwar damina, kuma wannan natsuwar ita ke sa tsigar jikin mai karatu tashi.

Da daddare nake karanta wa Inna shi, bayan isha'i, tana zaune kan tabarma da lulluɓi saboda sanyi, ga kaskon wuta a tsakaninmu. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Da muka kai inda uwar Umar ta baro gida neman ɗanta, wani mai suna Ado ya yaudare ta da alkawarin zai kai ta wurinsa, ya wuce da ita Murzuk, daga baya ta ƙare a hannun wani ubangida a Tarabulus, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Maido ni baya kaɗan."

Na sake karanta mata wurin. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Wagga mata ita ad da labarin ga, ba ɗan ba. Shi ya samu mai riƙo nai. Ita fa, wa yat tausaya mata?"

Na ce, "Inna, ai sun gana daga ƙarshe."

Ta ce, "Ganawar mi? Ta gane shi, ta cika. Allah shi jiƙan uwaye."

Na yarda da Inna ɗari bisa ɗari. Sunan Umar ne a bango, amma zafin littafin yana wurin uwarsa, 'yantacciyar mace da son ɗa ya kai ta bauta. A nan kuma nake da ja da marubucin. Abdulkarim fataucin bayi yake yi, amma an zana shi uba nagari mai tausayi, Umar kuma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa halin sauran da aka kora cikin ayari ɗaya da shi ba. Komai ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na san imani ke nan, kuma na san zamanin da aka rubuta shi, sai dai raina ya so a ce ko sau ɗaya malamin nan ya buɗe baki ya ce an yi zalunci. Duk da haka ba ni da shakkar ba kowa shawarar ya karanta shi, musamman a jere da na Last. Ƙarni ɗaya suke magana a kai, ƙasa ɗaya, ɗaya daga zauren Waziri, ɗaya daga cikin ayarin bayi. Siriri ne, mai himma zai gama shi a zama ɗaya, kuma ana samunsa wurin masu sayar da littattafan makaranta.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, maiɗakina ce ta miƙo mini shi, ta ce in dai ina neman waɗanda tarihi ya manta, ga su nan da ransu. Rabi ce da 'ya'yanta tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa a Kano ya auro Delu, ya kore ta da yaran. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Shi kuwa gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa. Masu raina littattafan Kano suna cewa soyayya ce kawai, to su karanta wannan. Lissafin kuɗin cefane ne, da kuɗin makaranta, da gorin dangi, da bakin maƙwabta. Hausar tana gudu, zance yana bin zance kamar kana tsakar gidan. Akwai gaggawa a wasu wurare, kuma sakayyar da ta sauko wa Alhaji Abdu ta zo a jere ƙwarai, har mai karatu ya hango ta tun daga nesa. Ƙarshensa ne ya tsaya mini a rai, inda aka taru a kan Rabi ta karɓi mutumin da ya wulaƙanta ta, yanzu da ba shi da komai. Mun yi gardama da maiɗakina a kan wannan. Ni na ce marubuciyar ta ja da baya. Ita ta ce, "Malam, ba ja da baya ba ne, abin da ake yi mana ke nan ta rubuta." Maza ya kamata su fi karanta littafin nan, don mata sun riga sun san abin da ke ciki.

Na ƙarshe shi ne Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda na ɗauka musamman don an ce a Sakkwato labarin yake. Ɗantala almajiri ne da ya faɗa cikin yaran da 'yan siyasa ke haya lokacin zaɓe, rikici ya ɓarke, ya gudo garin nan, wani malami mai sassauci, Sheikh Jamal, ya riƙe shi a masallacinsa, mataimakin malamin kuma, Malam Abdul-Nur, ya ɓalle ya kafa ƙungiyar masu tsanani. Marubucin ya iya shiga zuciyar yaro. Abotar Ɗantala da Jibril, wanda ke koya masa Turanci, da halin da ya tarar da uwarsa a ƙauye bayan ambaliya, sun taɓa ni ƙwarai. Ya kuma nuna yadda yunwa da rashin gata ke tura yaro hannun duk wanda ya fara ba shi tuwo, abin da muke gani da idonmu a tashoshin mota.

Amma ban ji ƙamshin Sakkwato a cikinsa ba. Da an canza sunan garin an sa na wani babban gari a Arewa, ba abin da zai ragu. Garin da kowace unguwa ke da zauren karatu mai tsohon asali, garin da malami ke fara magana da "Shehu ya ce", ba shi na gani ba. Wanda bai taɓa zuwa ba zai rufe littafin yana zaton ba abin da ke nan sai rigimar aƙida. Sannan akwai wuraren da aka yi maganar balaga a fili, don haka ba littafin da za a ajiye a falo yara su ɗauka ba ne. Babba mai son ya ga yadda ake kallonmu daga waje, ya karanta, zai ƙaru, ko da zai yi ta musu da shi a zuci kamar yadda na yi.

Yanzu Tarihin Fulani na Waziri Junaidu nake nema, bugu mai kyau wanda ba hoto ba, don in ji labarin daga bakin malamin da Last ya ɗauka a wurinsa. Masu shagunan da na tambaya duk sun ce ya yi wuya, sai dai in gwada ɗakin adana tarihi da ke ɗauke da sunan Wazirin, kuma can na nufa in an shiga sabon mako.