Filtar mai a Bosuwajar Baba

Bosuwajar nan Beetle ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975. Ta marigayi Baba ce, ni na gaje ta, da ita nake zirga-zirga tsakanin ƙauyenmu da Ringim.

Wanda ya san injinta ya san ba ta da lagireto, iska da baƙin mai ke sanyaya ta. Filta kuwa babu, sai wata 'yar rariyar waya a ƙarƙashin inji, da noti 6 riƙe da murfinta. Tana tare ɓarɓashi, amma ƙurar hunturu da ta burjinmu wucewa take abinta. Man duka lita biyu da rabi ne, kafin wata biyu ya koma kamar kwalli.

Shi ya sa na yanke shawarar sa mata filta. Kayan na sayo su a Ƙofar Ruwa: murfin famfon mai mai kafar fita, tiyo biyu, da mazaunin filta. Na kai wa wani dattijon bakanike a Ringim. Na so ya huda injin yana jikin mota don a gama da wuri. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, in garin ƙarfe ya faɗa hanyar mai, zai cinye metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu. Ka ba ni kwana uku."

Ya sauke injin, ya raba shi biyu, ya toshe tsohuwar mafitar famfo, ya yanka zare inda mai zai dawo. Sai da ya wanke hanyoyin da kananzir sau uku, yana hura iska, yana shafa farin ƙyalle. Ina zaune a benci ina kallo, ban ga ya yi gaggawa ba ko sau ɗaya. Wannan haƙurin shi na biya, kuma ban yi da-na-sani ba.

Inda ya gaza, tiyo ɗaya ya bi da shi dab da salansa. Ranar kasuwa na ji ƙaurin roba, na tsaya, na tarar ya fara ƙuna. Da ya fashe a hanya, da injin Baba ya tafi. Na koma raina a ɓace. Bai yi musu ba, ya ce laifinsa ne, ya sa sabo daga aljihunsa, ya ɗaure shi nesa da zafi.

Yanzu injin yana ɗaukar baƙin mai wajen lita 3. Mai yana daɗewa da kalarsa, sai dai ban daina juye shi a kan lokaci ba. Filtar tana ƙarƙashin fenda ta baya, kuma duk safiya nakan durƙusa in leƙa ko ta ɗiga.