Google Classroom Ko Kolibri: Wanne Ya Dace Da Makarantun Mai Wurno?

Tsarabar da malamanmu kan kawo daga tarurrukan ƙara wa juna sani ba ta cika wuce manhajoji ba. Biyu daga ciki sun cancanci a auna su.

Google Classroom, wanda ya fito a 2014, yana sauƙaƙa rarraba aikin gida da ba da maki. Sai dai galibin aikinsa yana buƙatar intanet, kuma dole kowane ɗalibi ya samu waya ko kwamfuta. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, lantarki da layin sadarwa ba su da tabbas a jihar Sinnar, inda garinmu Mai Wurno yake.

Kolibri kuwa kyauta ne, kuma don irin halinmu aka ƙera shi. Sau ɗaya malami zai sauke darussa a kwamfuta guda, sauran na'urorin ajin su jona da ita ba tare da intanet ba. Akwai darussa da Larabci, harshen da yaranmu ke karatu da shi. Wahalarsa tana farko: samun mai girka shi, da farantin sola na caji.

Ni dai Kolibri nake so shugabannin makarantu su fara gwadawa, ko da a aji ɗaya ne.