Gwajin hoton jijiyoyin ido bayan mura mai zafi, yadda na same shi

Jama'a in kun yi mura mai zafi ko korona kun warke amma ido ya ƙi komawa daidai, akwai gwajin da asibitocin ido ke yi da wata na'ura da suke kira OCTA, shi nake so in ba ku labari. Na gamsu da shi sosai, amma fa akwai inda suka gaza kuma zan faɗa.

Abin da ya kai ni, bayan zazzaɓi da tari sun lafa sai na lura da wani ɗan tabo toka-toka kusa da tsakiyar ganina a idon hagu, in ina karanta saƙo a waya sai harafi ɗaya ko biyu su ɓace sai na ɗan karkata kai. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Allon haruffan nan da ake fara gwada mutum da shi kuwa har layin ƙasa na karanta, da a nan aka tsaya da cewa za a yi lafiyata ƙalau in tafi gida.

Na'urar kanta ba wahala. Ka ɗora haɓa, ka jingina goshi, ka zuba wa wani ɗan ɗigon haske ido kar ka ƙifta, daƙiƙoƙi kaɗan an gama. Ba allura, ba kamar tsohon gwajin da ake ɗura wa mutum rini ta jijiyar hannu kafin a ɗauki hoto ba. Da hoton ya fito a kwamfuta wallahi tsayawa na yi ina kallo, jijiyoyi sirara fari-fari sun bazu kamar saiwar ciyawa, sai ga wani ɗan wuri can a shimfiɗar jijiyoyin da ke ƙasa ya yi duhu, likitar ta ɗora biro a kai ta ce Malam ga tabon da kake gani nan.

Bayaninta shi ne abin da ya fi burge ni a zuwan gaba ɗaya. Ta ce bayan ido, wato retina, nan ne ake iya ganin jijiyoyin jini kai tsaye ba tare da an yanka mutum ba. Ƙwayar korona tana shiga jiki ta wata kafa da ake kira ACE2, ita kuma kafar nan akwai ta a bangon cikin jijiyoyin jini, ga kumburin da jiki ke yi wajen yaƙar cutar, ga jini yana saurin daskarewa, to ƙananan jijiyoyin ido su ne marasa ƙarfin jure wannan. Tun 2020 likitoci ke ba da rahoton fararen tabo, ɗigon jini da kumburarrun jijiyoyi a idon wasu masu korona, wasu ƙalilan har toshewar jijiya. Nawa tabon sunansa AMN, wato ɗan lahani ne a tsakiyar retina, kuma tun kafin korona an san yana biyo bayan mura irin ta infuluwenza. Ba ta yi min alƙawarin banza ba, ta ce babu wani magani tabbatacce, yakan dushe a hankali cikin watanni, wani kuma ɗan saura yakan zauna masa.

Kuma ba ta ɗora laifin duka a kan mura ta huta ba. Ta sa an auna min hawan jini da suga, don su ma suna kawo irin fararen tabon nan da ɗigon jini har ma sun fi yawan kawowa, ta tambaye ni magungunan mura da na sha saboda masu buɗe hanci irin su sudoefedirin suna tsuke jijiyoyi. Wannan tambayar ta ƙara min yarda da ita ƙwarai.

Na tambaye ta jan da ke kwanciya a farin ido in tari ya yi yawa. Ta ce wannan ƙaramar jijiya ce ta fashe a waje, yana da ban tsoro a ido amma cikin sati 1 zuwa 2 yake washewa da kansa. Wanda ba a wasa da shi shi ne gani ya ɗauke farat ɗaya ba tare da ciwo ba, ko duhu ya rufe rabin ido, wannan a ranar ake zuwa asibiti ba a jira gobe.

To ga ƙorafina. Babu wanda ya faɗa min tun wajen karɓar kati cewa za a ɗiga min maganin buɗe ƙwayar ido, ashe bayansa gani kan yi dishi-dishi na awa 4 zuwa 6, haske yana soka ido, tuƙi ba zai yiwu ba, dole na bar mota na kira ƙanina ya zo ya ɗauke ni. Magana ɗaya ce fa da za ta raba mutum da wannan wahala. Sannan takardar sakamakon da suka ba ni lambobi ne da kalmomin likitoci zalla, duk bayanin nan mai kyau a baki ya tsaya, wanda bai riƙe ba shi ke nan. Ku je da ɗan rakiya da baƙin tabarau, kuma ku roƙi likita ta rubuta muku sunan matsalar da ranar dawowa kafin ku tashi.