Faifan garmaho, kaset ko CD: wanne za ka saya in kana tara tsofaffin waƙoƙin EMI?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon faifai mai hoton kare ya kafa kunne a bakin ƙahon garmaho, to ya riƙe wani yanki na tarihin EMI, kamfanin buga faya-fayen waƙa na Birtaniya. Asalin kamfanin Gramophone Company ne, da aka kafa a Landan a 1898 don sayar da faifan da Emile Berliner ya ƙirƙiro. A 1931 ya haɗe da Columbia Graphophone suka zama EMI, kuma a shekarar ne aka buɗe ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road. Daga baya ya kafa reshe a Legas, ya buga faya-fayen mawaƙan Najeriya da dama. A 2012 Universal ya saye ɓangaren waƙoƙinsa. Tsawon wannan zamani waƙa ta sauya mazubi sau da yawa, kuma a nan mai saye yake ruɗewa.

Mafi tsufa shi ne faifan da ke juyawa sau 78 a minti. Da wani irin ƙaro ake yin sa, ga nauyi, ga saurin fashewa. In ya suɓuce daga hannu ya faɗi a siminti, sai dai a share. Kowane gefe bai wuce waƙar minti uku zuwa huɗu ba, kuma akwai shuuu ɗin da ke bin muryar mawaƙi daga farko har ƙarshe. Garmahon da ake yi wa wani da hannu allurar ƙarfe yake amfani da ita, ana kuma son a sauya ta bayan kowane gefe. Kada ka kuskura ka goge faifan da sifirit, narkar da fuskarsa yake yi. Wannan na mai son tarihi ne, ba na mai son sauraro kullum ba.

Ni in an tambaye ni, faifan roba nake fifitawa. Columbia ta Amurka ce ta fito da babbansa a 1948, mai juyi 33 da sulusi, wanda gefe ɗaya ke ɗaukar kusan minti ashirin ko fiye. RCA Victor ya biyo da ƙaramin mai juyi 45 a 1949. Sautinsa garau ne, ga kwali mai hoto da sunayen makaɗa, abin da waya ba za ta ba ka ba. Amma sai ka buɗe ido wajen saye. Zaro shi daga kwalin, ka karkata shi a hasken rana. Karcen da ido ke gani amma farce bai ji ba, da sauƙi. Wanda farcenka ya maƙale a ciki, allura ma za ta yi tsalle a nan. Sannan ka ɗora shi a tafin hannu daidai da idonka ka duba ko ya lanƙwashe, don zafi irin namu babban makiyinsa ne. Yini ɗaya a cikin mota a watan Afrilu ya isa ya mai da shi kamar faifan kaba da ruwa ya daka. A tsaye ake jera shi, ba a kwance a kan juna ba, kuma a rufe saboda ƙurar hunturu. Kada ka ɗora masa allurar ƙarfe ta tsohon garmaho, sau ɗaya za ta huɗe shi.

Injin kunna faifan ma abin lura ne. Na Amurka an yi shi ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, kuma wasunsu ko an sa musu taransifoma sai su riƙa juyawa a hankali, muryar mawaƙi ta yi kauri. Nemi wanda ya fito daga Turai, ka kuma tambaya ko ana samun allurarsa.

Kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, ya fi kowanne araha, kuma a nan ne taskar waƙoƙin Hausa da yawa take, don akwai waɗanda ba su taɓa hawa faifai ba. Sa biro ka juya zaren ka ji ko yana tafiya sumul, ka leƙa ko ɗan auduga da ke ƙarƙashinsa yana nan. In ka samu mai kyau, kwafe shi a kwamfuta tun kafin rikoda ta cinye shi.

CD kuwa, da Sony da Philips suka shigo da shi a 1982, ba shi da rigima, sai dai jabu ya yi yawa. Juya bayansa: na kamfani fari ne kamar azurfa, mai shuɗi-shuɗi ko kore-kore yawanci kwafi ne, bai kai a biya shi kuɗin na asali ba.