Amitriptyline ko fluoxetine, wanne ya fi? Amsa ga 'yar uwar da ke son canza magani

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya ya yaye miki. Kin ce sati uku kenan likita ya ɗora ki a kan amitriptyline saboda ciwon damuwa da faɗuwar gaba, an fara da miligiram 25 yanzu kina shan 50 da daddare, bakinki kullum a bushe, da safe jiki a mace sallar asuba ma da ƙyar kike tashi, kuma damuwar tana nan ba inda ta je. Ƙawarki kuma fluoxetine take sha tana harkokinta garau, har ta ce za ta ba ki kati ɗaya ki gwada, shi ne kike tambaya wanne ya fi. Toh tun kafin in shiga bayani, dan Allah kar ki karɓi katin nan. Na san taimako take nufi, amma magungunan nan biyu ba a musanya su haka kawai, zan gaya miki dalili.

Amitriptyline tsohon magani ne, tun 1961 aka fara amfani da shi a Amurka. Fluoxetine kuwa sai ƙarshen 1987 ya fito da sunan Prozac, shi ya sa mutane suke ganin kamar ɗaya na da ne ɗaya na zamani, wai na zamanin dole ya fi ƙarfi. Ba haka ba ne. Dukkansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magungunan damuwa 21, amitriptyline yana sahun gaba wajen yin aiki, shi kuma fluoxetine yana cikin waɗanda mutane suka fi iya jurewa ba su yar da shi a hanya ba. Kin ga kenan ba a ƙarfi suka bambanta sosai ba, a wahalar da kowanne yake ba jiki ne. Sannan amitriptyline ya fi arha, wannan ma yana cikin abin da likitocinmu suke dubawa, don maganin da za a sha wata da watanni in ya fi ƙarfin aljihu to rabin hanya za a tsaya.

Wahalar amitriptyline ita ce kike ciki yanzu, barci mai nauyi, bushewar baki, bahaya ya yi tauri, jiri in an miƙe da sauri, wani lokacin gani ya yi dishi-dishi, ga buɗe ciki mutum ya yi ta ci har ya ƙara ƙiba. Amma wannan barcin da ke damunki shi ne rahama ga wadda ta yi wata biyu tana juyi a gado har kiran assalatu, kuma ina kyautata zaton in kin gaya wa likita ba kya barci ko ba kya cin abinci to shi ya sa ya zaɓa miki shi. Fluoxetine akasin haka yake, da safe ake sha don yana iya hana barci, kuma satin farko da na biyu yakan zo da tashin zuciya, ciwon kai, gudawa ga wasu, sannan abin da ya shafe ki kai tsaye, yana iya ƙara faɗuwar gaba da rashin natsuwa a farkon farawa kafin ya kwantar da ita. Mutum ya ji kamar ba zai iya zama waje ɗaya ba. Shi ya sa mai fargaba akan fara masa da 10 na sati ɗaya kafin a kai shi 20. Ƙawar taki da kike gani garau wataƙila ta wuce wannan matakin ne tuntuni ba ki gani ba. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba saboda kunya, fluoxetine da 'yan uwansa suna rage sha'awa, mace ta ji ba ta da marmarin mijinta ko namiji ya ga jinkiri sosai, kuma gidaje nawa aka zargi sammu ko kishiya alhali magani ne. In ya faru a faɗa wa likita, akwai yadda ake yi.

Yanzu maganar "ba ya min aiki". Gaskiya sati uku ya yi kaɗan a yanke hukunci, ko wanne daga cikinsu aka sha. Illar ita take fara zuwa tun daren farko, amfanin kuma sai sati biyu zuwa huɗu ake fara jin alamarsa, cikakkensa ya kai sati shida ko takwas, kuma a tsakanin nan ne mafi yawan mutane suke karaya su daina. Ballantana ke da sati ɗaya ko biyu a kan 25 kika yi. Adadin da aka saba maganin ciwon damuwa da amitriptyline yakan kai 75 zuwa 150 a rana, ana hawa ne a hankali don jiki ya saba, wato likitanki bai ma gama kai ki inda yake so ba mai yiwuwa. Ba ina cewa ki ƙara da kanki ba ne, wallahi kar ki yi, ina nuna miki ne cewa ba a ba maganin damarsa ba tukuna. Kuma sau da yawa na kusa da ke ne za su riga ki ganin canji, a ce yau kin ci abinci, yau kin fito tsakar gida kin yi hira, ke kuma a ranki kina jin kamar ba abin da ya motsa.

Inda fluoxetine ya yi wa amitriptyline nisa shi ne wajen hatsari. Amitriptyline in aka sha fiye da ƙima yana rikita bugun zuciya kuma yana kisa, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su halaka ƙaramin yaro, ga su ƙanana masu launi kamar alawa. Ki kulle shi a inda hannun yara ba ya kaiwa, ba cikin jakar hannu ko kan madubi ba. Ba a son ba da shi ga mai ciwon zuciya, ko mai wani nau'in hawan jinin ido, ko dattijon da fitsari ke masa gardama, tsofaffi ma ana taka-tsantsan saboda jirin yana kayar da su. Fluoxetine ya fi sauƙi ta nan sosai, shi ya sa in likita yana tsoron mutum zai iya cutar da kansa ba ya son sa masa amitriptyline da yawa a hannu. Amma shi ma yana da nasa, in aka haɗa shi da su ibuprofen ko diclofenac ko asfirin kullum yana ƙara yiwuwar zubar jini a ciki, kuma mu kin san ciwon baya kaɗan sai kemis. Wanda ya fi ba ni tsoro tramadol ne, haɗa shi da fluoxetine ko amitriptyline yana iya kawo jijjiga ko zazzaɓi mai zafi da karkarwa da ruɗewa, abin da sai an kwantar da mutum a asibiti.

Dalilin da na ce kar ki karɓi katin ƙawarki shi ne, fluoxetine yana hana hanta sarrafa amitriptyline yadda ta saba. In kika haɗa su, ko kika fara wannan alhali wancan bai fita ba, 50 ɗin da kike sha sai ta taru a jini ta yi aikin ninkinta, kuma na gaya miki abin da yawansa yake yi wa zuciya. Sannan fluoxetine ba ya fita da wuri, kamar tukunyar ƙasa ce da aka sauke daga murhu, an kashe wuta amma zafin yana nan, bayan an daina sha yakan kai sati biyar kafin ya bar jiki gaba ɗaya. To ki ce kin gwada shi kwana goma bai miki ba kin koma amitriptyline ɗinki, a zatonki ɗaya kike sha alhali biyu ne a jikinki. Likita in zai canza, rage na farkon yake yi mataki-mataki sannan ya shigo da na biyun da ƙaramin adadi, kuma tsarin ya danganta da daga wanne za a koma wanne.

Wannan jinkirin fitar fluoxetine yana da amfaninsa kuma, in kin manta rana ɗaya ba wani abu za ki ji ba, kuma ranar da za a daina shi ya fi sauƙin bari. Amitriptyline in aka yanke shi rana ɗaya sai tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci, mafarkai marasa daɗi, saurin fushi, sai mutum ya ce ciwon ya dawo ko ya kamu da jarabar magani. Ba jaraba ba ce irin ta ƙwaya, ba ya sa maye ba ya sa ki nemi ƙari, jiki ne ya saba dole a janye a hankali. Masu sa jarabar su ne diazepam da Lexotan da ake miƙa wa mutane a kemis da sunan maganin tunani, suna kwantar da gaba cikin minti talatin shi ya sa ake son su, amma ba sa warkar da ciwon damuwa, kuma likita in ya ba da su na sati biyu zuwa huɗu ne kawai kafin ainihin maganin ya kama. Ko wanne kika tsaya a kai cikin biyun nan, bayan kin ji kin warke ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a jagoran da ta fitar a 2016 wata tara zuwa shekara ta ce, don dainawa da an ji sauƙi shi ke dawo da mutane baya.

In kika tambaye ni ra'ayina, mace mai ƙananan shekaru da faɗuwar gaba ta fi damunta, ga yara ga aikin safe, ni na fi karkata ga dangin fluoxetine, kuma a cikinsu ma likitoci sukan fi zaɓar sertraline ko escitalopram don fargaba, musamman sertraline ga mai shayarwa. Wadda kuma rashin barci da rama da ciwon jiki suka haɗu mata, zuciyarta lafiya, amitriptyline yana mata kyau ƙwarai. Amma ni ban auna ki ba, ban san hawan jininki ba, ban san ko kina da ciki ko kina shirin ɗauka ba, waɗannan duk suna canza lissafi.

Kafin ranar komawarki asibiti, kar ki riƙa kai shan amitriptyline ɗin sha biyun dare, ki sha da an idar da isha'i ko awa biyu kafin kwanciya, nauyin safiyar yakan ragu sosai da wannan kaɗai. Ki riƙa kurɓar ruwa, ki yi asuwaki, ki yawaita ganye da su gwanda saboda cikin, in za ki tashi daga kwance ki zauna bakin gado tukuna. In azumi ya zo kina kansa ki yi maganar tun kafin watan ya kama, bushewar bakin da ƙishirwa ba wasa ba ne, fluoxetine kuma yawanci da sahur ake mayar da shi. Kuma ba sai kin jira ranar da aka rubuta miki a kati ba, ki koma a satin nan ki faɗa wa likitan komai yadda kika rubuta min, har da maganar asuba, har da duk wani na gargajiya ko na kemis da kike sha, kar ki ce "da sauƙi" don kunya. Ki gaya masa in an taɓa samun lokacin da kika yi kwanaki ba barci amma ƙarfi ya yi miki yawa, surutu da kashe kuɗi ba lissafi, don mai irin wannan, magungunan nan biyu duk suna iya sake tayar masa da wannan yanayin. In ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne ya duba ki, ki nemi a tura ki, akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen.

In kuwa kika ji bugun zuciyarki ya rikice, ko kika suma, ko fitsari ya ƙi fita, ko tunanin gara ki mutu ya fara zuwa miki, wanda yakan faru a makonnin farko musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, wannan ba na jira ba ne, ki faɗa wa wani na kusa da ke a take ya riƙe maganin a wajensa ya kai ki asibiti a ranar, ko da dare ne.